Na Tuƙa Mota A Ingila Ina Zaune A Kan Tabarma

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishiya ba, don haka wadda ta gyara zama tana jiran ta ji yadda aka kwashe tsakanin uwargida da amarya sai ta ƙara haƙuri zuwa fitowa ta gaba. Zancen ɗanɗano na zo da shi.

Kowa ya san al'adar mai kilishi. Kafin ka sa hannu a aljihu zai yago ɗan wani yanki ya miƙo maka, kuma ba daga gefen da ya ƙone yake yagowa ba, daga tsakiya yake ɗebowa inda labu da yaji suka zauna daram. Mu marubuta ma sana'ar tamu ke nan. Littafi na ɗaya ɗanɗano ne, ka ja mai karatu har sai ransa ya kai maƙura, sannan ka rubuta masa cewa mu haɗu a littafi na biyu. To ashe masu ƙera wasannin kwamfuta su ma 'yan gidanmu ne. Kafin wasa ya shiga kasuwa sukan gutsuro wani yanki su sake shi kyauta, su suna ce masa demo, ni kuwa ɗanɗano zan ci gaba da kiransa.

Wanda na ɗanɗana sunansa Forza Horizon 4, wasan tseren motoci ne da wani kamfani mai suna Playground Games ya ƙera a garin Leamington Spa da ke Ingila, kamfanin Microsoft kuma ya fitar da shi. An saki ɗanɗanon a watan Satumba na 2018, cikakken wasan ya biyo baya ranar 2 ga Oktoba na shekarar. Kowane kashi na wannan wasa da ƙasar da ake kai shi: na farko a 2012 Amurka aka je, na biyu a 2014 kudancin Faransa da Italiya, na uku a 2016 Ostireliya, na huɗun nan kuwa sai suka dawo da shi gida Birtaniya. Ni dai ban san da zamansa ba sai kwanan baya da ɗan yayana ya zo mini hutu daga jami'a, ya zo da wata na'ura wai ita Xbox One ya jona ta da talabijin ɗin falo. Ɗanɗanon yana cikinta tun da daɗewa.

Ya ce, "Gwaggo, zo ki tuƙa mota."

Na ce, "Kai yaro, ni da ko keke ban taɓa hawa ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba ta kashe kowa, Gwaggo."

Ya danƙa mini abin riƙewar nan da suke ce wa hannu, ya nuna mini maɓallin dama shi ne totur, na hagu birki, ɗan sandan da ke ƙarƙashin babban yatsa kuma shi ne sitiyari. Iyakar karatun ke nan.

Abu na farko da ya kama ni shi ne babu gaisuwa, babu shimfiɗa. Mu a littafi sai mun fara da asuba, zakara ya yi cara, mu gaya maka sunan kakan yarinya da unguwar da aka haifi babanta, kafin mu shigo da saurayi an ci shafi goma. Su kuwa ina ɗaga kai na ga mota tana gudu da ni a kan titi, ba wanda ya tambaye ni sunana. Motar McLaren Senna ce, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru, da wani faffaɗan fiffike a bayanta. Guda 500 kacal aka ƙera a duniya, kowace a kan fam dubu 750. Wato tun a shafin farko sun ba ni mota mai tsadar gaske daga shagonsu.

Lokacin kaka ne a wasan. Amma fa kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu kaka lokacin girbi ne, dawa ta nuna, ana ɗaure dami ana ɗaura aure. Su tasu kakar ganyaye ne ke rikiɗa su yi ja da ruwan goro su zubo, ina wucewa iskar motar tana kwasarsu tana watsawa. Ban gama kallo ba sai hoton ya juye, hunturu ya shigo, na tsinci kaina a wata ƙatuwar mota mai manyan tayoyi tana kutsawa cikin dusar ƙanƙara, har muka hau kan wani tafki da sanyi ya daskarar. Nan ne hannuna ya fara gaya mini abin da idona bai gani ba, domin ina karya sitiyari motar sai ta ƙi bin umarni nan take, ta ɗan zame tukuna kamar mai takalmin roba a kan siminti mai ruwan sabulu, abin riƙewar kuma yana kakkarwa a tafin hannuna. Daga nan sai lokacin da ciyawarsu ke tsirowa, ruwa ya jiƙa ƙasa, aka ba ni wata ƙaramar Ford Fiesta muna tsere da 'yan babura cikin taɓo, suna tsalle ta gabana. A ƙarshe rana ta buɗe, aka dawo mini da motar farko, muka miƙe hanya zuwa filin bikin da ake kira Horizon, ga tutoci ga kiɗa ga jama'a a bayan shinge.

Duk wannan bai fi minti goma ba. Shekara guda cur a cikin minti goma! Yaron ya ce a cikakken wasan kowane yanayi mako guda yake yi sannan ya juya, titin da ka sani busasshe a wannan mako ka dawo ka tarar da shi cikin ƙanƙara a wani.

Sai kuma suka yi mini abin da na saba yi muku. Ina isa bikin suka karɓe motar. Aka jero mini wasu guda uku aka ce in zaɓa: Ford Focus, da Audi TT, da wata tsohuwar Dodge Charger ƙirar 1969. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, domin na gane hannun. Ka nuna wa yarinya gidan mai kuɗi a babin farko, ka bar ta ta taka kafet ta sha sanyin ɗaki, sannan ka mayar da ita gidan haya, mai karatu ba zai iya barci ba sai ya ga ta koma. Na ɗauki tsohuwar, don ƙararta ta fi cika kunne, kuma mu tsofaffi ai sai mu riƙa taimakon juna.

Yanzu ga inda wasan ya bambanta da tseren motocin da na saba hangowa wurin yara, inda ake zagaye fili guda har a gaji. Wannan ƙasa ce aka shimfiɗa, da tituna da gonaki da ƙauyuka, aka ce ga ki ga ta. Akwai taswira da alamun inda ake tsere, akwai muryar wata mata da ke cewa bi dama bi hagu, amma in kika ƙi ji ba mai tsawata miki. Na yi tsere ɗaya, ina bin wasu kibiyoyi da aka zana a kan kwalta waɗanda ke rikiɗa su yi ja in lokacin taka birki ya yi, na zo can baya-baya. Daga nan na ce da yaron ya bar ni in yi yawona.

Jama'a, nan ne abin ya taɓa ni. Na haura shekara arba'in, na sa jarumaina sun tuƙa motoci iri-iri a takarda, amma ni duk tafiyar da na taɓa yi a duniya a kujerar baya na yi ta, ko a motar haya ko a adaidaita sahu, wani ke riƙe da sitiyari, kuma kafin in fita akwai inda za ni da lokacin da zan dawo. Ranar nan na iso wata mararraba, hanya ta rabu biyu, na tsaya cak. Yaron ya ce, "Gwaggo, me kike jira?" Na rasa amsar da zan ba shi. Jira nake a gaya mini. Na ɗauki hagu ba don komai ba sai don wata bishiya da na hango, kuma ban san rabon da in ji irin wannan sakewa a ƙirjina ba.

Na bi ta cikin wani ƙauye mai gidajen dutse ruwan zuma, ga 'yan gajerun katangu na duwatsu da aka jera ba siminti sun raba gona da gona, ga tumaki fari fat a kan tudu. Motocin da ke tahowa duk ta hannun da ban zata ba suke ɓullowa, domin a Birtaniya ta hagu ake tuƙi. Sai na tuna manyanmu suna ba da labarin cewa mu ma haka muke yi har zuwa 1972 da Najeriya ta koma hannun dama. Ɗanɗanon wani yanki kawai na ƙasar ya buɗe, sauran kuwa, har da birnin Edinburgh na Sikotland da ke can arewacin taswirar cikakken wasan, an ajiye shi sai wanda ya biya.

Amma da na daɗe ina yawo sai wani abu ya fara damuna. Ƙauyen nan ba kowa a bakin titi. Ba yaro mai tsallakawa, ba tsohuwa da kaya a ka, ba mai talla. Tumakin ma ko ka nufe su da gudu sai su watse, ba ka taɓa samun ko ɗaya. Na kauce hanya na daki katangar wani manomi, duwatsu suka tarwatse, sai ga maki an rubuta mini a sama, wai lada aka ba ni. Da na shiga wata kwana da gudu na rungumi bishiya, yaron ya ce in danna wani maɓalli mai ruwan ɗorawa. Ina dannawa sai komai ya tariyo baya kamar kaset, motar ta janye daga jikin bishiyar, ƙurar da ta tashi ta koma ƙasa, aka mayar da ni daidai inda ban riga na yi karo ba.

Da dare na nemi labarin mai sunan motar farko. Ayrton Senna ɗan ƙasar Birazil ne, ya zama zakaran duniya a tseren motoci sau uku da motar McLaren, a 1988 da 1990 da 1991. Ranar 1 ga Mayu 1994, a filin tsere na Imola da ke Italiya, motarsa ta kauce a wata kwana ta daki katangar kankare, ya rasu yana da shekara 34. Na jima zaune da wayar a hannuna. Sunan mutumin da katanga ta kashe aka liƙa wa mota, aka sa ta a duniyar da katanga ba ta kisa. Kuma a cikinku wa ya rasa wanda hanya ta cinye masa? Ni ƙanwar mahaifiyata daga biki suke dawowa, taya ta fashe, ko gida ba a kawo ta da rai ba. Da akwai maɓallin nan a duniya, da yatsana ya gaji da danna shi.

Ba na ganin laifin masu wasan. Sun yi wurin hutawa ne, kuma na huta a cikinsa. Sai dai na lura bayan na san da maɓallin, gabana ya daina faɗuwa a kwana, kyan ƙasar yana nan amma zuciyata ta koma kujerar baya. Sau nawa kuka aiko mini kuna roƙo in dawo da wadda na kashe a littafi, ku ce a mayar da shi mafarki ne ko suma ta yi? Ina jin roƙonku, ina kuma ƙi, don ranar da kuka san ina da maɓallin tariyowa, daga ranar ba za ku ƙara zubar wa jarumata hawaye ba.

Duk da haka ɗanɗano ya yi aikinsa, domin washegari na ce da yaron nawa ne cikakken, ina son in ga Edinburgh ɗin nan. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gwaggo, ai sun daina sayarwa." Tun ranar 15 ga Disamba 2024 aka janye wasan daga shagunan intanet saboda yarjejeniyoyin lasisin abubuwan da ke cikinsa sun ƙare. Wanda ya riga ya saya yana nan da abinsa, wanda bai saya ba sai dai ya nemi tsohon faifai a hannun wani. Kamfanin ya yi gaba, tun 2021 ya fitar da kashi na biyar da aka kai ƙasar Meziko.

Nan na ɗanɗani abin da mai karatu ke ji in ya sayi littafi na ɗaya, ya yi ta sintiri wurin mai shago a kasuwa ana ce masa na biyu bai fito ba, wata ya wuce, shekara ta wuce, har ya haƙura ya bar yarinya tsaye a bakin ƙofar kotu har abada. Mun san ana yi, wani kuɗin bugu ne ya yanke masa, wata aure ne ya ɗauke ta, wani kuwa sabon labari ne ya ja hankalinsa. Kowa da uzurinsa, amma shi wanda aka ba ɗanɗano ba uzuri ya saya ba. Gara ma namu na takarda, in ya fito ya fito, ko bango ya yage yana nan yana yawo daga ɗakin wannan amarya zuwa na waccan, ba wanda zai aiko daga wata ƙasa ya ce a kwashe.

Yaron ya koma makaranta da na'urarsa, ya yi mini alkawarin zai cigita faifan wurin abokansa. Ni kuma na yi tambaya a unguwarmu, an ce akwai mai koyar da mata tuƙi da safe bayan an kai yara makaranta, kuma motarsa tana da birki ta ɓangarensa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya, uwargida na tsaye da akwati a tsakar gida.