Haruffa Huɗu Da Tufkar Igiyar Halitta

Kowane ɗalibin Hausa ya san "gari" da "riga" haruffansu ɗaya ne, jerin ne kawai ya bambanta. Ni Batangale ne, a layukan Barunde da ke cikin Gombe na tsinci Hausa, don haka irin wannan sauyi yakan ɗau hankalina fiye da wanda ya tashi da harshen. Ashe jikin ɗan Adam ma da haruffa huɗu aka rubuta shi: A, T, G da C.

Wannan rubutu shi ne DNA. A 1953 Watson da Crick, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, suka nuna cewa zare biyu ne da aka tufke kamar igiya. Tsawonta a ƙwayar halitta guda ya kai kusan mita 2, shi ya sa dole ta naɗe. Haruffa 147 ne ke zagaye kowane dunƙulen furotin da ake kira histon.

To, abin mamaki, jerin haruffan na da hannu a yadda igiyar ke lanƙwasa. Idan harafin A ya jeru sau 4 zuwa 6, kuma jerin ya riƙa dawowa bayan kowane haruffa 10 ko 11, wato zagaye ɗaya na tufkar, sai ƙananan karkatar su taru gefe guda, igiyar ta yi baka. A 1982 aka gano haka a jikin Leishmania, dangin ƙwayar da ke jawo wa shanunmu sammore.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗalibin harshe? Akwai ƙanwata mai fama da sikila. A wajenta harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG. A nan furotin ɗin jini ne ya canza, ƙwayoyin jinin suka tanƙware kamar lauje. Na sha kwana a asibiti ina riƙe da hannunta. Iyayenmu duka AS ne, kuma a irin wannan aure kowane ciki na da haɗarin kashi 1 cikin 4.

Mutanenmu ba za su je gwajin jini ba sai an yi musu bayani da harshen da suke ji. Wannan aiki namu ne, 'yan'uwa ɗalibai. Mu ƙirƙiro kalmomin, mu kai su gidajen rediyo da zaurukan neman aure, domin rigakafi ya fi magani.