Biki a Tsiga: Ƙwarya ta tafi birni, furen roba ya zo gida

Ban taɓa zaton bikin ƙanwar abokina zai ba ni abin rubutawa ba. Shi abokin nawa mai ɗaukar hoto ne, mun sha kwana a lokeshin tare, kuma ya daɗe yana cika min baki da garinsu Tsiga, a Ƙaramar Hukumar Bakori ta Jihar Katsina. Da ranar ta zo na ajiye rikoda na ce wannan karon cin shinkafa kawai za ni. Ashe aiki na can yana jira na.

Daga Kano muka bi ta Gwarzo da Dayi, muka ratsa Malumfashi. Lokacin kaka ne. Dama da hagu masara ce a shanye, ga dawa ta sunkuyar da kai, ga waken suya, jefi-jefi kuma ka hango farin auduga, wadda ita ta fito da sunan Funtuwa tun zamanin Turawa. Wanda ya ga wannan ba sai ya tambayi dalilin da bukukuwan yankin ke taruwa bayan girbi ba. Kuɗin auren a cikin buhu yake.

Muna isa na ga wata tsohuwar a-kori-kura a ƙofar gidan, ana sauke kaya. 'Yan dekoreshan ne aka ɗauko daga Funtuwa, samari uku da wata mata da ke ba su umarni. Mai karatu, na ga ana haɗa set a industiri, amma ban taɓa ganin masu sauri irin waɗannan ba. Filin da na tarar awaki na kwance a cikinsa, kafin azahar ya koma wani abu daban. Suka kafa rumfuna, suka lulluɓe ƙarafan da farin yadi mai santsi, suka sa wa kujerun roba riguna, kowace da ɗamara ruwan zuma a bayanta. Launin ba da ka aka zaɓa ba, ankon ƙawayen amarya aka bi. Teburin manyan baƙi ya sha shimfiɗa, an jera farantai masu bakin zinare, an naɗe tishu kamar mafici an cusa a kofunan gilas, a tsakiya ga tulun furen roba. Bayan kujerar ango da amarya kuwa aka rataya ƙatuwar fasta, irin wadda masu bugawa ke kira fileks, da harafin farko na sunan kowannensu cikin zobe.

Na tambayi shugabar tasu inda take samo fasali. Ta yi dariya ta nuna min waya. Ta ce amare ne ke turo mata hoto, wani daga Instagram, wani an ɗauko shi daga wurin biki a cikin fim, a ce mata irin wannan ake so sak. Har yanzu wai akwai masu turo hotunan bikin Yusuf Buhari da Zahra Nasir Ado Bayero, wanda aka ɗaura a Bichi cikin Agusta 2021. Ita dai ba ta musu da kowa, sai ta tambayi nawa ke hannu, ta yanka rigar daidai wuyan mai ita.

Abu guda ne ba ta samu ta nuna ba: fitilunta. Ta zo da su masu walƙiya kala-kala, amma rana tsaka fitila ba ta da kwarjini, kuma masu gida sun ce kafin magariba kowa ya kama gabansa. Ba sai an yi maka dogon bayani ba. A garin nan ne 'yan bindiga suka ɗauke Birgediya-Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar NYSC, a Fabrairu 2025, bai dawo ba sai Afrilu. Saboda haka dinar da ake yi da dare a Kano, a nan da la'asar aka yi ta.

Ina zaune a ƙarƙashin wannan rumfa sai abin ya ba ni dariya. A Kano na sha shiga manyan ɗakunan taro na tarar masu kuɗi sun biya an mai da wurin ƙauye: bukkar ciyawa, turmi da taɓarya, ƙwarya da ludayi, tabarmar kaba, faifai a bango, 'yan mata da tsagar ƙarya a kumatu. Ƙauyawa Day ke nan, wadda Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin ɗan wasa Abba El-Mustapha, ta haramta a 2025. To ga ni a inda turmin da ƙwaryar suke na gaske, amma an tura su bayan gida don kada su fito a hoto, an kawo furen da ko ƙamshi ba ya yi. A ganina duk ɗaya ne, kowa na hayar abin da ba shi da shi na yini guda.

Wadda ta buɗe min ido ita ce kakar amarya. Na je gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Kai ne maigidan nawa na birni? Zo ka ga ado, ka bar kallon tsumman haya." Na ce, "Hajiya Kaka, ai ke na zo gani." Ta ja ni ɗakinta.

Jama'a, jere ke nan. Bango guda, daga ƙasa har kusa da rufi, kwanuka ne a ɗore, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane layi da irin furensa. Ga langa, ga fanteka, ga samira, can gefe tasoshin tagulla da ta ce na mahaifiyarta ne. Ta ce a zamanin kakarta ƙorai ake jerawa masu zane, daga baya tasa ta shigo, sannan kwano ya kori kowa, yanzu kuma sai kuloli da kayan fashi a cikin shogilas. Ranar jere, ƙannen uwa da na uba ne ke shiga ɗakin su rufe ƙofa, a yi ta gardama kan wane launi zai bi wane. Mace na leƙawa za ta gane gidan da amarya ta fito da ƙoƙarin uwarta, ba tare da an rubuta sunan kowa ba. Kuma abin da ya fi muhimmanci, kayan nata ne. Ta nuna min wani gurbi a layi na biyu, ta ce shekarar da damina ta yi gardama ta sayar da guda huɗu aka ci tuwo.

Daga baya abokina ya gaya min ashe an kai ruwa rana a gidan kafin bikin. Mahaifinsu ya ce ba zai buɗe rumbu don a yi wa kujera riga ba, gara a ƙara wa yarinya kayan ɗaki ko a saya mata keken ɗinki. Ita kuma amarya ta yi kuka, ta ce duk ƙawayenta an yi masu, ita kaɗai za a mai da abin gori? Ni dai ban ga laifinta ba, don hoton biki yanzu kafin a tashi ya kai Legas, kuma bakin ƙawaye ba shi da linzami. Amma tsohon ma ba ƙarya ya yi ba. A ƙarshe abokina ne ya biya rabi daga kuɗin wani aiki da ya yi, tsoho ya sayar da masara ya cika, keken ɗinki aka ce sai baɗi.

Da za a watse aka yi rabo. Kowa ya samu jaka, ciki da kalanda da ɗan littafin rubutu da kofin roba, duk da tambarin nan na haruffa biyu. Har gorar ruwa an ɓare takardarta an liƙa tasu. Yara suka yi ta kokawa a kan mafici.

Washegari da sassafe, kafin in gama shan koko, an kwance komai an ɗaure a bayan a-kori-kura, wai akwai wani bikin a Bakori, can kuma shuɗi ake so. Awaki suka dawo wurinsu. Fastar ce kaɗai aka bari, tunda babu wanda zai yi hayar sunan wani. Muna fita na hango tsohon ya shimfiɗa ta a tsakar gida, fuskar haruffan a ƙasa, yana baza waken suya a kai.