Sa Hannun Zaki

Da Edita ya ce kowa ya kawo abin da za a sa a shafin Hausa na bana, na daɗe ina tunani, don ni ba mai hikima ba ne, ban kuwa iya waƙa ba. Ran nan ina gyara akwatina sai na ci karo da wani tsohon littafin rubutu na ƙanwata, mai warƙa 40, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Na ce to, abin faɗi ya samu.

Mu mutanen Gude ne, a ƙasar Mubi ta Kudu, kusa da duwatsun da ke tsakaninmu da Kamaru. Ubana malami ne a makarantar mishan, a hannunsa kuwa na koyi baƙi da wasali. A watan Disamba na 2013, ina da shekara 12, ƙanwata tana da 7, Kawunmu da ke aiki a Abuja ya aiko da kuɗin mota, ya ce mu zo mu yi hutu a wurinsa. Kwana biyu muka yi a hanya. Muka bi ta Hong da Gombi da Song, muka haye Binuwai a Jimeta, muka sake haye ta a Numan, sa'an nan Gombe, Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi. A shekaran nan ne aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, saboda haka ba a tafiya mai nisa sai an tsai da mu a shingen soja.

Muna kwana uku da sauka Kawu ya kwashe mu zuwa wani babban lambun wasa na yara. Akwai dawakin roba masu kewayawa, da ƙananan motoci masu karo da juna, da wani lilo mai kama da ƙafar keke, wanda in ya ɗaga ka sama sai ka hangi gari kamar a tafin hannu. Amma duk ba su ne suka ɗauke hankalin ƙanwata ba. Abin da ya tsai da ita shi ne waɗansu mutane da suka yi shigar dabbobi tun daga kai har ƙafa, suna yawo cikin taro, suna ɗaga wa yara hannu, ba su magana. Ɗan Kawu, wanda ya waye da birni, ya ce mata a ƙasar Amurka yara kan riƙe littafi su bi irin waɗannan ɗaya ɗaya, kowanne ya sa musu hannu, su kai gida su ajiye.

Daga baya na karanta, na ga gaskiya yaron ya faɗa. Wani Ba'amurke, Walt Disney, wanda ya fito da ɓeran nan Mickey Mouse a majigi a 1928, shi ya buɗe lambun Disneyland a Kalifoniya a 1955. A can har littattafai a ke sayarwa musamman don wannan. Masu shigar da ke rufe fuska ba su magana da baƙi, kuma a kan koya musu rubutu iri ɗaya, domin sa hannun ɓeran ya zama ɗaya ko wane ne ke cikin rigar. Iyaye kan zo da alƙalami mai kauri, don safar hannun ba ta iya riƙe siriri. Ku duba fa, 'yan'uwana masu koyon malanta, yadda a ke horar da babban mutum ya bar hannunsa ya ɗauki na ɓera, alhali mu nan fama mu ke yi yaro ya sami nasa.

To, ƙanwata ta kafe sai ita ma an yi mata. Inna ta ciro sabon littafin da aka saya mata don komawa makaranta. Baba bai so ba. Shi mutum ne mai girmama sa hannu ƙwarai, domin ya sha ba mu labarin kakanmu, wanda har ya bar duniya dangwala yatsa ya ke yi a takarda, abin kuwa yana ƙona masa rai. Ya ce, "Sa hannu alkawari ne. Wanda ba a ga fuskarsa ba, wane alkawari zai ɗauka?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, yau hutu ne, bar yarinya ta yi wasanta." Baba ya yi shiru, sa'an nan ya karɓi littafin, ya ce tun da za ta yi ta kutsawa cikin taro, bari ya yi maganin ɓata. Ya buɗe shafin farko ya rubuta sunanta, da sunansa, da "Gude, Mubi," da lambar wayar Kawu, da manyan baƙaƙe irin na allo. Ya ce mata, "In kin ɓace, nuna wa babba wannan."

Zaki muka fara tara. Ƙanwata ta matsa, ta ja da baya, ta sake matsawa, tana ce mini da Hausa, "Yaya, ba zai cije ni ba?" Zakin ya durƙusa har ya yi daidai da tsawonta, ya girgiza katon kansa, watau a'a. Ya karɓi biro da ƙyar cikin tafin nan nasa na soso, ya ɗora littafin a gwiwa, ya rubuta "Zaki." Ba mu ce masa ya yi da Hausa ba, ashe ya ji maganarta. Kai, ran nan na ga murna! Daga nan ba ta sake jin tsoro ba. Muka sami wani ɓera mai manyan kunnuwa, da Baban Kirsimeti mai gemun auduga, da wani da har yau mu ke gardama ko kare ne ko kura. Can da la'asar muka sami zomo. Sa hannu biyar ke nan. Kowanne aka yi, sai Baba, wanda da fari ya ƙi, ya karɓi littafin ya sa kwanan wata a ƙasa, don shi bai yarda da takarda marar kwanan wata ba.

Akwai abin da na gani ran nan wanda na ɓoye wa ƙanwata shekaru da yawa. Da azahar aka aike ni in sayo ruwan leda. Na ɓata hanya, na zagaya bayan wata rumfa, sai ga kan zaki ajiye a ƙasa, ga wani saurayi zaune a kan bulo, jikinsa na zaki, kansa na mutum, gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa. Na tsaya cak. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, daga ina ku ke?" Na ce daga Mubi. Ya ce, "Allah Sarki, ashe 'yan gida ne. Ni mutumin Michika ne." Ya ce karatu ya ke yi, lokacin hutu ya kan yi wannan aiki ya tara kuɗin makaranta. Sa'an nan ya ɗora yatsa a baki ya ce, "Kada ka gaya wa ƙaramar." Ya ɗauki kan ya kifa, ya koma zaki.

Shigar burtu ba baƙon abu ba ne gare mu. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya don ya kusanci nama. A cikin garin Mubi kuma, in azumi ya kwana goma, na sha tsayawa kallon 'yan tashe, yaro ya manna gemun auduga ya tokara sanda ya zama tsoho. Amma wa zai ce wa ɗan tashe ya sa masa hannu? Kowa ya san ɗan gidan wane ne, gobe ma za a gan shi a bakin rijiya. Sai inda mutane ba su san juna ba, kuma ba za su sake haɗuwa ba, a ke neman shaida a takarda. Haka dai na ke gani.

Muka komo gida. Littafin nan bai taɓa shiga aji ba, sai da aka saya mata wani. A ƙarƙashin matashinta ya ke kwana, duk ƙawar da ta zo sai an nuna mata.

Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, da yawa daga cikinku sun san shi fiye da yadda zan iya faɗi. Muka fita da ƙafa, ba mu ɗauki ko takardun makaranta ba, muka nufi Sahuda, bakin iyaka. Ga wanda bai sani ba, Gudawa suna zaune a ɓangaren nan da wancan. Ƙuri'ar 1961 ce ta sa namu ɓangaren ya zauna cikin Nijeriya, har Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna, 'yan'uwanmu na wajen Bukula kuwa suna Kamaru. Da dare, cikin duwatsu, aka ji harbi, taro ya watse. Gari ya waye ba ƙanwata.

Kwana huɗu muna nema. Inna ta daina cin abinci. Baba ya bi ƙauye ƙauye yana tambaya har muryarsa ta dushe. Ran na biyar ya sami aron waya ya kira Kawu don ya gaya masa mugun labari, sai Kawu ya riga shi da cewa, "Malam, tana nan da rai, tun shekaranjiya na ke neman yadda zan same ku." Ashe wata tsohuwa ce ta ja hannunta cikin duhu har wani ƙauye a hayin Kamaru. Yarinyar ta firgita, ta kasa magana, sai dai ta ƙanƙame wani abu a cikin rigarta. Wani malamin makaranta na ƙauyen ya lallashe ta ta ba shi. Shi da Faransanci ya yi karatu, amma lamba ba ta da yare. Ya wuce zaki da zomo bai kula ba, ya komo shafin farko, ya buga waya Abuja.

Da muka same ta, Inna ta tambaye ta don me duk kayan ɗaki ba ta ɗauki kome ba sai wannan. Ta ce ai Baba ya ce in ta ɓace ta nuna wa babba. Baba ya juya baya ya daɗe yana kallon dutse. A watan Nuwamba soja da maharba suka ƙwato Mubi, amma mu sai bayan watanni muka koma. Michika kuwa tun a watan Satumba ta faɗa hannunsu, na kan kuwa tuna da saurayin nan da mutanensa.

Bara, da aka tura ni gwajin koyarwa, aka ba ni aji uku. Na tarar da yara da yawa ba su iya rubuta sunansu ba. Na roƙi ƙanwata aron littafin, ta ba ni bayan ta ja mini kunne ƙwarai. Na nuna musu, na ce in zaki mai tafin soso ya iya sa hannu, ku me zai hana ku? Na ɗinka musu wani littafi na aji, duk wanda ya iya rubuta sunansa ba da taimako ba sai ya zo gaba ya sa hannu, ni kuma in sa kwanan wata a ƙasa. Suka yi ta rububi.

Wata yarinya da ke zama a baya, wadda ba ta cika magana ba, ta riƙe tsohon littafin ta daɗe tana juya warƙa biyu, gaba da baya. Can ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai zaki da zomo hannunsu ɗaya ne. Dubi yadda suka ja wutsiyar Z." Na karɓa na duba. Shekara goma sha ɗaya littafin nan yana gidanmu, ni da Baba duk malamai, ba wanda ya lura. Ita ce ta sa hannu ta tara a littafin ajin, ranar Alhamis.