A Daura, a Ɗaga Kai a Dubi Rufi

Mai fitowa daga Damagaram zuwa Daura ta Matamaye yake biyowa, ya tsallaka iyaka a Kongolam. In ba don tutoci da masu duba takardu ba, ba zai san ya sauya ƙasa ba: gero ɗaya, gawo ɗaya, harshe ɗaya. Tarihin ma a sarƙe yake. Da Malam Isiyaku ya ci Daura a 1805, lokacin jihadi, sarakunan Haɓe suka fita suka kafa sarauta a Zango da Baure, suka daɗe a inuwar Damagaram, har 1904 da Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka ba shi Daura. Don haka na shiga garin da idon maƙwabci, wanda ya tashi yana ganin gidajen ƙasa masu zane a Birnin Damagaram.

Kowane baƙo Kusugu ake fara kai shi. Rijiyar tana cikin ɗaki yanzu. A miƙa maka guga ka ja ruwa ka sha, a ba ka labarin Bayajidda da macijiya Sarki da sarauniya Daurama. Daga nan a wuce ƙofar fadar Kangiwa, inda Sarki Umar Faruk Umar yake zaune tun 2007, a ɗauki hoto kusa da dogarai, shi ke nan an ga Daura. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai yana cikin tsofaffin unguwanni, a wani zaure da maigidan ya ba ni tabarma don in huta wa rana.

Ɗakin ba shi da ginshiƙi ko ɗaya. Daga kowane bango bakan gizo ya taso, mai kauri daga ƙasa, yana lanƙwasa yana sirancewa, har suka gicciye juna a tsakiya. Wannan shi magina ke kira ɗaurin guga. A mahaɗar an manna faranti mai fure. Tsakanin baka da baka an jera azara a karkace, jeri na gaba ya juya wata fuska, ta yadda itacen da ke ɗauke da rufin shi ne kuma adonsa. A waje rana na dukan ƙwaƙwalwa, a ciki sanyi kamar na randa.

Dabarar da ke ciki ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙasar nan ba ta da dogayen katakai. Abin da ke akwai giginya ce, wadda ake tsagawa a fitar da azara, itacen da gara ba ta ci da sauƙi, amma in gibin da za ta tsallaka ya wuce kamar mita 2 sai ta fara saki ƙarƙashin nauyin ƙasa. To, yaya za a rufe babban ɗaki da guntun itace? Sai magini ya dasa azara a cikin bango, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ɗan leƙo gaba, ya yaɓe, ya bari ta bushe, ya ƙara wata. Daga ɗaya bangon ma haka, har hannuwan biyu su gamu a sama. Wanda ya ga hoton ƙubbar masallacin Ƙurɗuba a Andalus, wadda aka yi zamanin Halifa Hakam na Biyu (961–976), zai gane tunanin: bakuna masu gicciye suna ɗauke da rufi. Can dutse da zinariya, nan ƙasa da giginya. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830.

Bayan gidan na iske wani dattijo a kan katanga, ya raba ƙafafu bisa gini, yaro a ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa, tsinin yana kallon sama. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa, "Yawwa, ɗana, sannu da hanya," hannunsa bai tsaya ba. Da ya sauko ya nuna mini ramin da aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, da tukunyar da aka jiƙa ɓawon ɗorawa don makuba, wadda ke ba bango launin ja mai duhu, ta kuma hana ruwa ci. Ya yi zancen laso, shafen da ake haɗawa da katsin marina a kare rufi da shi. Ya ce zane da yatsa ake yin sa tun yaɓe yana ɗanye, kuma in hannu ya yi jinkiri ƙasa ba ta jira.

Dagin da ke saman ƙofar zaure shi ne a ƙirjin babbar riga, shi ne a jikin gafakar Alƙur'ani, danginsa ne ke cika allon zayyana ranar sauka, kuma ana ganin irinsa a kayan dawaki ranar hawan Magajiya da bikin Gani. Musulunci bai ƙarfafa zana mai rai ba, sai masu sana'a suka zuba basirarsu a layi da ƙulli da rubutu, kamar 'yan'uwansu na Fas da Alƙahira. Ina ganin duk mai son sanin adon Musulunci a ƙasar Hausa, nan ya kamata ya nema, a hannun magini da baduku da maɗinki da alaramma.

Sai dai gidajen suna ƙarewa. Layi bayan layi bulo ne da siminti da kwano. Ba na ganin laifin masu gida. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, indararo ɗaya ya toshe rufi ya jiƙe ya rufto, giginya ta yi nisa, azara ta yi tsada. Mai iyali da ya kwana yana sauraron ruwan Agusta da fargaba yana da hujjar sayen kwano. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ilimi ba a littafi yake zaune ba. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya auna gine-ginen gargajiyar Nijeriya, aka buga aikinsa a 1990, kuma an kwaikwayi masallacin Zariya a gidan tarihi na Jos. Amma awo ba ya koya wa yaro sanin lokacin da ƙasa ta nuna. Dattijon nan ya ce 'ya'yansa duk bulo suke ɗorawa, domin nan aiki yake.

A wajenmu an ga abin da ke yiwuwa. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. A Janne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacin da aka sake ginawa a 1907. Daura tana da masarauta mai faɗa a ji, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, kuma tsofaffin magina suna raye. A ba su masallacin unguwa ɗaya ko zauren makarantar allo su rufe da ɗaurin guga, ɗaliban gini su yi musu cillin tubali, a kuma ware kuɗin yaɓen kowace shekara tun ranar da aka haƙa harsashi.