Faɗin Bakin Bindiga da Tazarar Maharbi

Maharbin Turai da lamba yake zaɓen bindiga. Harsashin .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, faɗinsa kimanin milimita 9.5 ne, kuma shi ne mizanin da aka saba ɗauka ga mai tunkarar ɓauna ko giwa. Mai harbi daga nesa kuwa yakan fi son siririn dogon harsashi mai gudu, domin ba ya saurin sunkuyawa, iska ma ba ta cika karkatar da shi ba.

Na nemi kalmar Hausa ta wannan ma'auni wurin kawuna, tsohon maharbi a Kawo. Bai ba ni ba. Bindigarsa harba-ka-ruga ce, ta baki ake ɗura ta, don haka zancensa duka kan ɗuri ne: yawan albarushi, girman dalma, matsewar tsumma. Ga giwa, in ji shi, magabata sango suke sakawa, mashi mai dafi. Nisa kuwa aibi ne a wurinsa. Ɓaunar da aka jikkata daga nesa takan shige duhuwa ta yi kwanto, kuma mai bin sawun jini shi take halakawa, galibi yaron maharbi.

Ina ganin shi ya sa Hausa ta wadata da kalmomin sanɗa, kwanto da bin iska, ta bar faɗin baki ba suna. Masu ƙirƙirar sababbin kalmomi a cikinmu za su iya cewa "faɗin baki", ya wadatar. Kawu dai da taku yake aunawa, kuma ya ce bai taɓa ɗana kunama a kan ɓauna ba sai yana jin hucinta.