Yaron da na rubuta wa "ba ya ƙoƙari"

Shekara goma sha bakwai ke nan ina riƙe da alli, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Kano. Katin sakamako kuwa na cika ba adadi. Akwai wata jimla da hannuna ya saba da ita, har ba na tsayawa tunani kafin in rubuta ta. Da Turanci ake rubutawa, amma ma'anarta ita ce: ba ya ƙoƙari, sai ya ƙara himma. Makon jiya wani da na taɓa rubuta wa wannan jimla har sau uku ya sa na kwana ina juyi a kan gado.

Zafin bana ne ya kai mu bango. Wuta sai ta yi kwana biyu ba a ga ƙeyarta ba. Uwargida ta ce ko dai a sa sola, ko ta kwashi yara su koma kwana a tsakar gida, sauro ya yi yadda ya ga dama. Da na kwashi adashe sai na nufi wani shagon masu haɗa sola. Mai shagon ya ce zai turo yaronsa ya duba gidan tukuna. Bayan la'asar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Wani saurayi ya sauko da jaka a kafaɗa, yana ganina ya durƙusa har ƙasa.

"Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba ko?"

Na gane shi sarai. Bencin ƙarshe, kusa da taga. Idan aka fita tara, shi da dawowa sai gobe. Na sha kama shi yana gyangyaɗi ina tsakiyar bayani. Bai kai ƙarshen aji biyar ba ya daina zuwa, ni kuma ban taɓa tambayar inda ya shiga ba.

Ya zagaya ɗakunan yana ƙirga kaya. Ƙwan fitila shida, kowane wat 10. Fanka biyu, kowace wat 60. Talabijin wat 50. Ya zauna a bakin baranda, ya juya bayan wani tsohon rasit, ya ciro biro.

"Malam, awa nawa kake so fanka ta yi da dare?"

Na ce takwas.

Ina tsaye a kansa ina kallo. Fanka biyu awa takwas, 960. Fitilu awa biyar, 300. Talabijin awa huɗu, 200. Ya haɗa, 1,460. Sannan ya ce, "Batirin da ka ce kana so, mai bolt 12 da am 200, abin da yake ɗauka 2,400 ne. Amma irin wannan batir na ruwa ba a shanye masa fiye da rabi, in ba haka ba kafin shekara ta zagayo ya mutu. Ka ga saura 1,200. Ba zai kai ka asuba ba. Ko dai ka ƙara batir, ko ka canja fankokin zuwa masu cin wuta kaɗan. Ni dai da za ka ji shawarata, canja fanka ya fi sauƙi a aljihu."

Ninkawa, rabawa, kaso cikin ɗari, kwatanta hanya biyu a zaɓi mai arha: abubuwan da na yi zango uku ina fama da shi a kansu, ga shi yana yin su kamar yana shan ruwa. Ban san lokacin da na ce, "Kai ne kuwa? Kai da ko x ba ka iya nemowa?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Malam, ai lokacin ban san ko wane ne x ba. Yanzu x batir ne. Idan na ɓatar da shi, kuɗin mutum ne suka ƙone, kuma oga ba zai raga min ba."

Wannan magana ita ta hana ni barci. Ashe ba kwanya ya rasa ba. Dalili ya rasa. Shekara biyar muna ce masa ya yi ta tafiya, ba wanda ya nuna masa inda hanyar ta nufa. Da ya tambaya sai mu ce karatu zai yi maka amfani nan gaba. Shi kuwa yana da yaya mai digiri da ke tuƙa Adaidaita Sahu, yana da maƙwabci mai takardar NCE da ke zaman majalisa tun safe. Wace "nan gaba" za ka sayar wa yaron da ke ganin wannan kullum? Gani ya kori ji.

Abin haushin shi ne haɗa karatu da aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin boko ya zo, ɗan Bahaushe ya san inda karatunsa da aikinsa suka dosa. Da safe yana makarantar allo, da hantsi yana maƙera yana zuga, ko yana karofi irin na Ƙofar Mata yana kallon yadda baba ke kama zane, ko yana gaban baduku yana miƙa masa zare. Ba a fara ba shi guduma ranar farko. Zai yi shara, ya yi aike, ya riƙe, ya kalla, sannan a bar shi ya ɓata ƙarfe ɗaya ko biyu. Ranar da ubangidansa ya ga hannunsa ya faɗa, sai a yaye shi. Manhaja ce cikakkiya, mai matakai da jarrabawa, illa dai ba a rubuce take ba. Hatta makarantar boko ta farko da Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, tana da sashen koyon sana'o'in hannu. A hanya ne muka yar da wannan, muka ɗauka cewa mai ilimi shi ne mai zama a ofis ƙarƙashin fanka, wanda hannunsa ba ya taɓa baƙin mai.

Kuma ba za a ce hukuma ba ta taɓa tunanin abin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ta haifi tsarin nan na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982. Hikimar tsarin ita ce a shekaru ukun ƙaramar sakandare yaro ya taɓa katako, ya taɓa ƙarfe, ya taɓa waya, a ga inda ya fi karkata, sannan a ɗora shi a kan hanyar da ta dace da shi. Aka shigo da injuna daga ƙasashen Turai don darasin da muke kira Intirotek. Ni ganau ne a nan. A makarantar da na yi, akwatunan suna jibge a wani ɗaki da aka garƙame da kwaɗo. Mukan leƙa ta taga mu ga manyan akwatunan katako, gara ta fara cin gindinsu. Babu ɗakin aiki, babu wutar da za ta tayar da injin, babu malamin da ya san kansa. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, sai ya zana zarto a allo, mu kwafa a littafi, mu haddace sunayen sassansa. Na ci Intirotek da maki mai kyau ban taɓa yanka katako ba.

A 2011 aka sake yunƙurawa, aka sa darussan sana'a har 34 a manhajar babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya rubuta a jarrabawar fita. Me ya faru? Makarantu da yawa suka zaɓar wa ɗalibansu darasin da ba ya buƙatar kayan aiki, wanda za a iya gamawa da alli da baki. Na ga yaran da suka rubuta jarrabawar kiwon kifi ba su taɓa tsayawa a bakin kududdufin kiwo ba. Mun ɗauki sana'a mun mayar da ita hadda, sannan muna mamakin yadda ba ta hana yara gudu ba.

Duk lokacin da aka yi wannan zance sai an kawo misalin Jamus, kuma akwai dalili. A can matashi yakan ƙulla yarjejeniya da kamfani ko shagon mai sana'a, ya yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a. Galibi shekara uku ake yi. Kamfanin na biyan sa alawus, kuma ƙungiyoyin masu masana'antu da masu sana'a su ke shirya jarrabawar ƙarshe, shi ya sa takardar take da daraja a kasuwa. Sana'o'in da hukuma ta amince da su a wannan tsari sun haura 300. Ba ina cewa mu kwafo Jamus ba, masana'antunmu na Sharaɗa da Bompai da Challawa ba su kai yadda suke a da ba. Abin da na ɗauka daga gare su ɗaya ne: ba su raba aji da wurin aiki ba. Abin da yaro ya ji ranar Litinin a makaranta, ranar Talata yana hannunsa.

Mu kuwa wurin aikin muna da shi, ba mu dai ɗauke shi a bakin makaranta ba ne. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san abin da nake nufi: masu walda, masu narka dalma da alminiyam, masu ƙera injin niƙa da na casar hatsi daga tarkacen ƙarfe. A Kano ga masu gyaran waya na Farm Centre, ga masu takalma a Ƙofar Wambai, ga 'yan Ƙofar Ruwa. Dubban yara ke koyon aiki a waɗannan wurare ba tare da takarda ba, dubbai kuma na karɓar takarda a wurinmu ba tare da aiki ba. Hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ta fito da tsarin auna ƙwarewar mai sana'a a ba shi shaida, kuma Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta yi haɗin gwiwa da mutanen Panteka a kan haka. Akwai kuma NABTEB, mai shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci tun 1992. Iyaye nawa ne a unguwarku suka san da su? Kowa WAEC da NECO da JAMB ya sani.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro, kuma gara in faɗa. Idan ba a yi hattara ba, "hanyar sana'a" za ta zama sunan da ake sakaya wariya da shi: ɗan mai kuɗi ya tafi likitanci, ɗan talaka a ce masa kai dai je ka koyi walda. Mun riga mun saba da cewa makarantar fasaha ta wanda ya kasa ce. Mun ga yadda mai babbar difiloma ta HND ya daɗe yana kallon ƙeyar mai digiri a wurin aiki, ko da ya fi shi iya aikin. Muddin hanyar sana'a ba ta da ƙofar da ke ɓullewa zuwa kwaleji da jami'a, to rami ce aka yi wa ado. Dole yaron da ya fara da haɗa sola ya iya zama injiniyan lantarki idan ya so. Dole yarinyar da ta fara da awon jini da ɗaure rauni a asibitin unguwa ta ga hanyar zama nas ko likita a gabanta. Kuma kada a ce 'ya'ya mata ɗinki da girki kawai, kamar ba su da kwanyar gyaran waya ko zanen gini. Kano ta taɓa nuna cewa idan aka ɗora yaro a kan hanya bayyananniya yana kaiwa: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, da yawansu 'ya'yan talakawa. Yaran sun san abin da aka tara su a yi, shi ya sa suka yi.

To me za mu iya tun kafin gwamnati ta motsa? Shugaban makaranta ba ya buƙatar kasafin kuɗi kafin ya gayyaci kafinta ko mai ɗinki ko ma'aikaciyar jinya su yi wa ɗalibai bayanin lissafi da kimiyyar da ke cikin aikinsu. Ƙungiyar iyaye da malamai na iya zama da shugabannin masu sana'a na unguwa a tsara yadda yara za su riƙa zuwa shago ranar Asabar da lokacin dogon hutu, da sanin makaranta, a tabbatar koyo suke ba bauta ba. Uba kuma ya daina cewa "ko boko ko shago", kamar kishiyoyi ne. Mu malamai namu ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi: kafin ka rubuta x a allo, ka faɗa wa yaro ko wane ne shi.

Ranar da tsohon ɗalibin nawa ya zo haɗa kayan, yana kan tsani yana ɗaure farantan sola a rufi, sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Malam, wai mutum kamata zai iya komawa ya rubuta jarrabawa? Takardun da ke zuwa da inbata duk Turanci ne, wani wurin sai in tsaya. Kuma akwai manyan ayyuka da ba a ba mutum sai da takarda."

Na ce zai iya, kuma ya riƙa zuwa bayan isha'i mu yi bita, tunda yanzu akwai fitila a gidan. Na kafa masa sharaɗi ɗaya: ya ba ni aron safiyarsa guda.

Jiya Litinin ya cika alkawari. Ya shigo ajina na 'yan aji huɗu da batir a kafaɗa, da ƙwan fitila, da mitar awon wuta. Na koma gefe na ba shi allin. Hannunsa na ɗan rawa da farko. Ya ce, "Wa ke da fanka a gidansu?" Kafin a yi minti goma, yaran bencin ƙarshe sun baro wurinsu sun kewaye tebur, suna gardama a kan ko batirin zai kai asuba. Aka buga ƙararrawar tara, ba wanda ya motsa.

Ƙarshen zangon nan zan sake cika katin sakamako. Ban san me zan rubuta wa na kusa da taga ba tukuna, amma na san jimlar da hannuna zai tsaya kafin ya rubuta.