In Mota Ta Durƙusa

Masu iya magana na cewa ruwa ba ya tsami banza. To, haka nan mota ba ta durƙusawa banza. Duk wanda ya taɓa riƙon tsohuwar mota irin wadda bayanta ke zaune a kan iska ya san wannan ciwo: a kwanta a bar ta tsaye cak, a wayi gari gindinta ya sauka a kan tayoyi kamar raƙumin da za a labta wa kaya.

Galibin motoci a kan sifirin na ƙarfe suke zaune, amma wasu an ɗora su ne a kan jakunkunan roba masu cike da iska, waɗanda kanikawa ke ce wa balan-balan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1957 aka sa ta a motar Cadillac Eldorado Brougham a Amurka, Mercedes-Benz 300SE ta biyo baya a Jamus a 1961, sa'an nan Range Rover ta fito da wadda kwamfuta ke sarrafawa a 1992. A kan hanyoyinmu kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani ita ce Lexus GX470, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, mai jakunkunan iska a baya kurum. Irin waɗannan motoci ba su kan iso hannunmu ba sai sun tsufa, ko ta Kwatano ko ta tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ƙarfe ya kan jure shekaru, roba kuwa ba ta jurewa.

Tsarin abin mai sauƙi ne. Akwai jaka biyu, hagu da dama. Akwai kwamfuresa, watau famfon lantarki mai hura musu iska, tare da ɗan tulu mai tsane damshin da ke cikin iskar. Akwai siraran bututai da bawul-bawul masu buɗewa da rufewa. Akwai kuma sensa, wata 'yar na'ura mai hannu da ke auna tsayin mota ta gaya wa kwamfuta. In an loda kaya baya ya sauka, sai kwamfuta ta ta da kwamfuresa ya ƙara iska. In an sauke, sai ta buɗe bawul iska ta fita.

Wannan hali ne ya sa muka so tamu tsohuwar motar. Mu mazauna Badun ne, aiki ya kawo mu, kuma kowane dogon hutu mu kan kama hanyar gida ta Ilori da Jebba da Mokwa, mu shida, ga buhun gari ga jarkokin manja. Komai nauyin kaya, in an ta da ita sai ta miƙe ta daidaita. Ana saura mako uku hutu sai ta fara kwana a karkace, ɓangaren hagu a ƙasa, kwamfuresa kuma yana ta gurnani a kowace mahaɗa. Ba batun ado ba ne. Motar da bayanta ya sauka fitilunta sama suke haskawa, su kashe idon mai tahowa su bar direba cikin duhu. Sitiyari ya kan yi sakayau, kuma duk ramin da aka faɗa, bodi ne ke shan dukan. Ba a shiga hanyar Mokwa da yara a cikin irin wannan mota.

Shawara kuwa ta zo mana iri uku. Na farko ya ce mu sayi sabon kwamfuresa, tun da shi ke kuka. Na biyu ya ce mu cire tarkacen duka mu sa sifirin na ƙarfe mu huta. Na uku, wani dattijon bakanike a unguwar Sabo, bai taɓa ko sifana ba. Cewa ya yi, "Malam, ba a nan gizo ke saƙa ba. Ku bar mini ita ta kwana, gobe ita da kanta za ta faɗi inda ke mata ciwo."

Ga abin da ya yi. Ya ajiye ta a wuri mai shafe, ya bari ta cika tsayinta, ya kashe inji. Ya ɗauki tef ya auna daga tsakiyar kowace tayar baya zuwa bakin bodin da ke samanta, ya rubuta da alli a jikin bango. Sa'an nan ya zare fiyus ɗin na'urar. Hikimar ita ce, in babu wuta bawul-bawul a rufe suke, kowace jaka na riƙe da iskarta ita kaɗai, kwamfuta kuma ba ta da ikon ƙarawa ko ragewa. Saboda haka duk ɓangaren da ya sauka kafin safiya, yoyon na nan, a jakarsa ko bututunsa ko bawul ɗinsa. In kuwa ba ta sauka ba sai an mayar da fiyus, to a tuhumi sensa, domin hannunta ya kan yi tsatsa ko ya karye ta riƙa kai labarin ƙarya. In kuma mota ta ƙi tashi sam, kwamfuresa ya yi tsit, sai a fara da fiyus da rilé da wayoyi kafin a yanke masa hukunci.

Da safe dama ta sauka da ƙasa da santimita 1, abin da sanyin dare kaɗai ke iya jawowa. Hagu kuwa ta sauka da santimita 6. Ya mayar da fiyus, mota ta cika, ya fesa ruwan sabulu a jakar hagu da mahaɗan bututu. Da fari ba a ga komai ba. Sai ya ɗaga bodin kaɗan, jakar ta warware, ya sake fesawa. Nan take kumfa ya taso a daidai inda robar ke naɗewa. Wurin nan shi ke lanƙwasa a kowane taku na mota, ƙura da yashi su kan maƙale a ciki suna gurzarsa, zafi kuma ya busar da shi har ya tsattsage. Naɗin ya kan rufe tsagar a wani tsayi ya buɗe ta a wani, shi ya sa irin wannan mota ta kan kwana lafiya yau ta durƙusa gobe. Gani ya kori ji.

Ashe kwamfuresa ba shi ne mai laifi ba, shi ne wanda ake zalunta. An yi shi ne don ya yi aikin ɗan lokaci ya huta, amma yoyo ya sa shi ɗiban ruwa da kwando. Da an sa sabo an bar jakar, da shi ma zafi ya ƙone shi. Daɗin daɗawa, yawan zuƙar iska mai laima irin ta kudu ya kan cika tulun nan da damshi, ruwa ya shiga bawul-bawul ya kawo tsatsa.

Gyaran bai wuce yini guda ba. An kashe na'urar kafin a sa jak, an tokare motar da ƙafafun ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin abin da iska kaɗai ke riƙe da shi. An saki iskar a hankali, aka canja jakunkunan duka biyu, tun da shekarunsu ɗaya, aka sa sababbin zobban roba a mahaɗai. Ba a sauke nauyin mota a kansu ba sai da aka ɗan hura su, don kada su naɗe a karkace. Aka sake kwana, aka sake awo, alli bai motsa ba.

Ba mu ce mai shawarar sifirin ya yi kuskure ba. Ga wanda ke zaune nesa da kasuwar kayan gyara irin ta Ladipo a Ikko, ƙarfe ya fi kwanciyar rai, kuma ba ya yoyo. Sai dai ya sani ya rabu ke nan da motar da ke daidaita kanta, in ya loda kaya bayanta zai sauka. Mu da ke ɗaukar kaya zuwa da dawowa, iska muka zaɓa.

Abin da muke jawo hankalin mai karatu a kai shi ne tsarin binciken: awo tukuna, sa'an nan haƙurin dare ɗaya, sa'an nan sabulu, sa'an nan a zura hannu a aljihu. Tef da alli da ruwan sabulu ba su kai kuɗin kwanon abinci ba, amma su suka hana mu sayen abin da ba shi ne ya lalace ba. Wanda ya ji kwamfuresan motarsa ya fara yawan gurnani, to kada ya yi masa faɗa, ya nemi wanda ya sa shi kuka.